Yaƙin Baffa Jatau da Laka

Wannan shi ne tarihin Baffa Jatau ɗan Nomau, jikan Barau mai rijiya bakwai, tattaɓa-kunnen Dogo wanda tarinsa ke tashin zabi a gonar maƙwabta. Sadaukin bakin fadama, ma'abocin tumbin da ke riga sallama shiga zaure.

A shekarar da likita ya raba shi da man shanu, ɗansa Mudassir ya aiko masa daga ƙasar waje da kayan wani wasan rage tumbi wai shi fikilbol: raga, da faifan katako na dukan ƙwallo, da ƙwallayen roba biyu masu huji-huji. Baffa ya miƙe a majalisa ya yi alkawari gaban dattawa cewa kafin ruwan farko zai gina filin a bayan gidansa ya buga, in ya kasa a daina ce masa ɗan Nomau.

Yayarsa, Gwaggo Tabawa, ta ce masa ƙasar nan laka ce, ruwa ya kumbura ta, rana ta tsaga ta, sai an yi mata daɓe. Ya ce wasan Turawa ba ya neman shawarar tsofaffi.

Ranar Talata ya fito da rundunarsa, magina uku da baro ɗaya, ya ɗaga shebur sama ya ce, "A zuba!" Aka malala siminti a kan laka tsirara, cikin zafin bazara mai narka silifa. Kwana tara abokiyar gaba ta yi shiru. A na goma ta buɗe baki. Baffa ya buga ƙwallo, ƙwallo ya faɗa tsaga, har yau ba a ji labarinsa ba.

Ga hadari ya soma leƙowa daga gabas. Sai gwarzon ya je ɗakin yayarsa ya tsuguna.

"Yaya, a rufa mini asiri."

"Wa, ni tsohuwa?"

Da ta gama ja masa rai, ta tara matan unguwa. Suka kwashe simintin, suka zuba tsakuwa, suka yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, suka yi kwana uku suna daɓe da waƙa har fili ya fito sumul.

Ranar Juma'a Baffa ya iso da dattawa su shaida. Ya tarar an shanya shinkafa daga wannan gefe zuwa wancan, raga kuma ɗauke da zannuwa.

"Mu muka daɓe," in ji Gwaggo. "In ta bushe ka yi wasanka."

Sai ga wata kaza ta tasar wa shinkafar. Sadaukin ya zabura, ya kai mata faifai, ta tsallake raga tana kururuwa. Dattawa suka haɗa kai, suka yanke hukunci cewa kaza ma ƙwallo ce, an buga, kuma ya haye.

Haka Baffa ya tsira da sunan ubansa. Nan take Gwaggo ta naɗa shi mai gadin shanya, ta ba shi tabarma a inuwa. Faifan yana korar kaji da safe, da rana ya yi fifita. Tumbi kuwa yana nan lafiya.