Gwanin Hura Kaset

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na tara jama'a a falona a Greenbelt, nan ƙasar Turawa, don su ga gwaninta. Tun ina yaro can gida a Kakuri, in ana maganar gem ɗin talabijin mai kaset, ba a yi wanda ya kai ni ba. Haka nake faɗa wa 'yata Rahila tun ba ta da haƙori, har ta gaji ta fara faɗa wa ƙawayenta.

Saboda wannan suna nake bin gwanjon ƙofar gida kowace Asabar ina tara tsofaffin na'urorin (matata na kiran ɗakin da nake jibge su bola). Ran nan a Manassas na ci karo da irin ta gidan su Yaya Bitrus sak, har da kaset ɗin jirgin nan mai harbin duwatsu. Yaya Bitrus maƙwabcinmu ne a da, ya girme ni sosai, shi kaɗai ke da gem a layinmu. Yanzu nas ne a Takoma Park. Na gayyato shi ya ba da shaida.

Aka gama cin shinkafa, na jona, talabijin ya ƙi. Na zare kaset na hura masa iska sau ɗaya, na mayar. Sai ga hoto tar. Aka yi mini tafi, na ji kaina ya kusa taɓa silin.

Na ɗauki hannun gem, wato abin latsawar. Kafin in gyara zama dutse ya murƙushe jirgina. Na ce tsufan na'ura ne. Na sake, ya sake. Rahila ta karɓa, ita da ba ta taɓa ganin abin ba, ta yi ta ɓarin duwatsu kamar tana sussukar masara. Da Turancinta ta ce, "Baba, ba kai ne zakaran ba?"

Na juya wajen mai shaidata. "Yaya, gaya mata."

Ya ajiye kofin zoɓo, yana ta danne dariya. "Ƙanena, hannun da nake ba ka ai ba a jone yake ba. Wayarsa ƙarƙashin tabarma nake turawa. In an hana ka kuka kake yi har Mama ta kashe mana talabijin."

Ashe duk jiragen da na tuƙa a duniya, shi ke tuƙa su, ni ina gefe ina gumi.

Kunya ta kama ni, amma da na tuna sauran yaran layi ta taga suke leƙe, ni kuwa ina kan tabarma ana ce mini "Da kyau, direba", sai na ga godiya ta fi dacewa da ni. Na kuma koyi cewa kafin ka kira shaida, ka fara jin abin da ya gani.

Na ce, "To Yaya, ba abin da na iya kenan?"

Ya dafa kafaɗata. "Haba, kar ka rena kanka. Wajen hura kaset, har yau ban ga na biyunka ba."