Tagullar Marigayi a Ƙofar Biki

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar kamun jikata Ummi ba. Ni da ake kira in sasanta mata a Fagge, ni ce na sha kunya gaban dangin ango.

Maigidana tsohon ɗan sanda ne. Da ya rasu na tsinci wasu 'yan kwanso guda shida a ƙasan akwatinsa, jajaye, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Na san kwanson harsashi ne, amma na ce tagulla ai tagulla ce. Na ƙulle su a gefen wani ɗankwali na jefa a jaka, da niyyar in an tashi daga biki in biya wurin maƙeri ya narka, ya yi wa Ummi zobe na tunawa da kakanta. (Na ma riga na gaya wa rabin unguwa.)

A Sabon Gari aka kama wurin taron. A ƙofa ga wata mai gadi da sandar nan mai gano ƙarfe da ake shafa wa mutum. Tana kai ta jakata, abu ya ɗau kuka. Ta kwance ƙullin, ta yi tsalle baya.

"Harsashi! Harsashi a jakar tsohuwa!"

Jama'a, layi ya watse. Wata ta bar takalminta. Alhaja, uwar ango, ta dafe ƙirji tana kallona. Na hango kaina a bayan motar 'yan sanda, na hango an fasa auren Ummi, ana cewa jikar mai safarar makamai. Salati ma sai ya ƙi fita daidai.

Wani sajan mai furfura ya zo, ya juya su a tafin hannu, ya leƙa cikin kowanne.

"Inna, na waye?"

"Na marigayi ne, ranka ya daɗe. Tagulla ce, zobe za a yi."

Ya ciro mabuɗinsa mai maganaɗisu, ya kara. Duk shidan suka manne.

"Fanko ne, an riga an harba. Kuma ba tagulla ba ce, Inna. Ƙarfe ne aka yi wa wankan ruwan tagulla, irin na ƙaramar bindiga mai araha. Harsashin yana tashi dai, ga sauƙin kuɗi. Amma yana tsatsa, yakan maƙale a bindiga, in an harba kuma kwanson sai juji."

Ku ji ni da ƙarfin hali, na ce, "Marigayi ba ya ajiye kayan banza!"

"To mu je ofis a gwada?"

"A'a, ɗan nan. Banza ce. Wallahi banza ce."

Ya zuba su a aljihu. Alhaja ta kama hannuna tana dariya har da hawaye, ta ce, "Mama, shigo, kin cece mu daga zobe mai tsatsa."

An yi kamu lafiya. Abin da na koya da tsufana: in ɗan sanda ya ce dukiyarki shara ce, kar ki yi gardama, ki ce masa Allah ya yi albarka.