Yadda Za Ka Ci Hutun Dole Ba Tare da Ka Huta Ba

Idan ka bi matakan nan shida daki-daki, na yi maka alkawari za ka gama hutun kwana biyar ko gyangyaɗi ba ka yi ba, kuma babu wanda zai gano abin da kowane tsohon ma'aikaci ke tsoro, wato ofis na iya tafiya ba shi. To, kusan alkawari dai. Ban taɓa koyar da kowa komai ba. Amma shekara biyu ina zaune kusa da Kuwabara-san (a wurinmu "san" kamar "Malam" ne), wanda ya yi shekara ashirin da shida a kamfaninmu na murafan kwanon abinci a birnin Hamamatsu, ba a taɓa ganin kujerarsa babu kowa ba. A wurinsa na koya.

Mataki na 1: Karɓi hutun kamar sammaci

Tun da aka fara maganar gyaran dokar aiki, wai za a ƙara kwanakin hutun dole, a kuma ci tarar kamfanin da mutanensa ba sa hutawa, tausayi ya sauko wa shugabanni. Shugaban sashenmu, Tominaga-san, ya tsaya a kan Kuwabara-san da takarda.

"Litinin zuwa Juma'a. Je ka huta."

"Yallaɓai, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Gwamnati ce ke ƙaunar ka."

"To aikin fa?"

"Yana nan yana jiran ka. Hutu aka ce a ƙara, ba a ce a rage aiki ba."

Kai ma haka za ka yi. Rusuna. Bi tebur-tebur kana neman gafarar wahalar da za ka jawo. Kada ka kuskura ka yi murmushi. Mai murmushi ranar tafiya hutu, an san inda zuciyarsa take tun da can.

Mataki na 2: Tafi da abin da ba a aiki sai da shi

A wurinmu takardar oda ba ta fita sai an buga mata jan hatimin sashe, kuma Kuwabara-san ne mai riƙe da shi. Ranar Juma'a da yamma na ga ya zura shi a aljihun kwat, yana kallon silin. A ganinsa, kafin hantsin Litinin za a kira shi ana roƙo. Nemi naka hatimin: makulli, lambar sirri, ko ma igiyar injin buga takardu. Na karanta a wani littafi cewa wanda ake nema ba ya tsufa. Ko kuwa ni na ƙirƙira, na manta.

Mataki na 3: Kada ka zauna a gida

Ba ma za a bar ka ba. Shi da kansa ya ba ni labarin abin da matarsa ta ce ranar Litinin, da ta tarar da shi a falo ƙarfe takwas.

"Baban Emi, lafiya? Shekara ashirin da shida ban tanadi inda zan ajiye ka da rana ba. Ɗaga ƙafarka, shara nake."

Sa kwat ɗinka, karɓi kwanon shinkafarka, fita.

Mataki na 4: Zauna inda kake ganin ƙofar kamfani

Akwai gidan shayi a tsallaken titi. Ajiye waya a kan tebur, fuskarta sama. Kada ka ji kunya, ba kai kaɗai ba ne. Kuwabara-san ya tarar da Ochiai-san na sashen sayayya da wasu mutum uku, duk cikin kwat, duk suna hutu.

"Kai ma, dattijo?" in ji Ochiai-san.

"Ni na ɗan lokaci ne. Yanzu za su kira ni. Kai sun kira ka?"

"Sau ɗaya. Kuskuren lamba ne."

"Allah sarki."

"Rufe mana baki. Kai ko kuskuren ba a yi da kai ba."

Daga benenmu muna hango su a jere, kamar hankaki a kan wayar lantarki. Ladabi ya sa kowa ya yi kamar bai gani ba.

Mataki na 5: Sayi tsaraba

Wanda ya je hutu ya dawo hannu rabbana, ya ci amanar waɗanda suka ɗauki aikinsa. Dole sai da kwalin biskit na garin da ka je, kowane tebur ɗaya. Ba ka je ko'ina ba? Ba komai. A babban kanti kusa da tasha ana sayar da biskit ɗin tsibirin Hokkaido, can arewa mai nisa. Duba yanayin can a jarida, ka haddace. Idan an tambaye ka, ce, "Kai, sanyi!"

Mataki na 6: Dawo ka ga ɓarnar da rashinka ya yi

A nan ne zan ɗan ba da haƙuri.

Litinin ta zagayo, Kuwabara-san ya shigo da kwalinsa, ya tsaya gaban shugaba, ya ciro hatimin da hannu biyu.

"Yallaɓai, laifina ne. Na tafi da shi bisa kuskure. Ban san irin halin da kuka shiga ba."

Tominaga-san ya kalli abin kamar yana ƙoƙarin tuna sunansa.

"Af, wannan? Ashe tun shekara huɗu da suka wuce an yarda a amince da oda ta kwamfuta. Aikin yini ya koma minti goma. Da ba ka tafi hutu ba, ina za mu sani?"

Ni ce na faɗa musu wannan ƙa'idar. Yana shafi na arba'in da ɗaya a littafin ƙa'idojin kamfani, wanda babu mai karantawa sai ni. Kowa na ta neman hatimi, sai maganar ta suɓuce mini. A hankali na faɗa, wallahi. Ban zaci za a ji ba.

"Kai shi ɗakin ajiya," in ji shugaba. "Kuma ka duba ɗakin da kyau. Can za ka koma daga wata mai zuwa."

Kuwabara-san ya rusuna. Sannan ya bi tebur-tebur yana raba biskit. Da ya zo kaina ya ajiye, ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri da wahalar da na ba ki. Hokkaido akwai sanyi."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba lauya ba ce, kuma dokar ma ba a gama ta ba tukuna. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa kujerarsa, ba ruwanta. Ba ruwanta da tarar kamfani, ba ruwanta da sharar matarka, ba ruwanta da ɗakin ajiya mai ƙura. Haka nan ba ruwanta da biskit ɗin da yake cikin aljihun teburinta yau mako uku, wanda ta kasa ci, ta kuma kasa zubarwa.