Na Cire Sunaye, Na Bar Tagwaye

Ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na tsaya gaban matan Gure, sandar nuni a hannu, ina ta zuba ilimi, ashe asirin gidanmu nake shanyawa a bango.

Bari in fara da aikina, don har yau mahaifiyata cewa take yi ina "aikin likita a cikin ordinatar", wato kwamfuta. Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ban taɓa yi wa kowa allura ba. Ana kawo mini bayanan ƙwayoyin halittar da aka ciro daga ƙullutun sankara, wato ciwon daji, in zuba su a na'ura, in zana taswirar yadda suke aika wa juna saƙo, sannan in bi layi-layi ina neman inda abin ya karkace har ƙwaya ta ƙi daina hayayyafa. Daga lise, wato sakandare, na tafi jami'a a Yamai, daga Yamai bursu, wato tallafin karatu, ta kai ni ƙasar Turawa, can na zauna gaban allo har idanuna suka nemi gilashi.

Abin da ya jefa ni wannan hanya kuwa a cikin gidanmu yake. Sankarar nono ce ajalin kakata. Bayan shekaru sai ta kama Gwaggo Falmata, yayar babana. Aka kai ta Yamai a ɓoye aka cire nono ɗaya, aka ce wa gari ta je taya ɗiyarta zaman jego. Ta dawo tana naɗe ƙyalle tana cusawa a riga, ta ɗora babban mayafi, ba wanda ya gane. Dalilinta ɗaya ne: tana da sauran ƴan mata biyu a gabanta, ba ta so a laƙaba musu sunan gidan masu ciwon gado.

Da na roƙe ta in sa labarinta cikin bincikena, sai ta ce, "Ɗiyata, ki kai wa Nasaranki in zai amfani wani. Amma kunnen ɗan Gure kada ya ji."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, mu a aikinmu akwai ƙa'ida: ana cire suna, a cire gari, a cire shekaru. Sai na zana zuri'armu yadda ake zanawa, mace zagaye, namiji ɗan akwati, wanda ya rasu a ja masa layi a karkace, wadda ciwon ya kama a cike ta da baƙi. A sama na rubuta "wata zuri'a daga Afirka ta Yamma". Da wannan zane nake buɗe jawabina a tarukan masana, kuma ba a taɓa samun wanda ya ko ɗaga gira ba.

To, na zo hutu gida, sai Madam Zara, wadda ta koyar da ni tun ina ƴar ƙarama kuma yanzu take shugabantar wata ƙungiyar mata, ta ce lallai in yi musu bayani kan sankara. Na amsa har da rawar kai. (In faɗi gaskiya, na daɗe ina jiran ranar da Gure za ta ga abin da na zama.) Aka aro na'urar haska hoto, aka share babban ɗakin lakwal, makarantarmu ta dā, aka jera benci. Ni kuwa na ɗauko tsohon jawabina na mayar da shi Hausa. Na ga zanen nan, har na ɗan tsaya a kansa, sai na ce a raina ai babu suna. Da digirina da komai, iyakar tunanin da na yi ke nan.

Ɗaki ya cika maƙil, har da matan da suka taso daga Kelle da Gidigir. Ina gaisuwa sai na hango Gwaggo Falmata a benci na tsakiya, mayafinta ruwan toka, tana mini murmushi. Ban san za ta zo ba. Amma na sake lallashin kaina da maganar nan ta babu suna.

Na haska zanen, na bayyana ma'anar zagaye da akwati. Wallahi ban taɓa samun ɗaliban da suka kama darasi da sauri kamar matan nan ba. Hajiya Aisa, wata mai shagon atamfa a kasuwa, ta gyara zama ta nuna da haɓa.

"Lokotoro, wancan akwatin na sama, mata biyu ya aura ko?"

Na ce e.

"To me ya sa matan suka sauko daga layi guda?"

Na ce ai ya da ƙanwa ne, ta farko ta rasu, sai aka ba shi ƙanwar. Da bakina na faɗa, har ina jin daɗin an yi tambaya mai ma'ana.

Wata daga baya ta ce, "Waɗancan masu kama da ƙafar kaza fa?"

"Tagwaye ne," in ji ni.

"Har sau biyu?"

Nan ɗakin ya yi tsit. Ba shirun rashin fahimta ba ne, na san wancan, na sha ganinsa a fuskar ɗalibai. Wannan shirun lissafi ne. Na ga leɓuna suna motsi, yatsu suna lanƙwashewa a ƙarƙashin mayafi. Mutumin da ya auri ya, ta rasu, ya auri ƙanwa, ƙanwar ta haifi tagwaye sau biyu. A duk faɗin Gure akwai mutum ɗaya tak mai wannan tarihi, kuma ni jikarsa ce nake tsaye da sanda ina nuna shi.

Na danna don in wuce gaba, na'urar ta ƙi motsi. Na sake dannawa. Kuran ɗin garinmu, wato lantarki, wanda ke ɗaukewa ko atishawa aka yi da ƙarfi, ranar nan ya tsaya daram. Ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar.

Su kuwa suka ci gaba da karatu ƙasa-ƙasa. "Wannan Hasana ce, ga Usaina." "Ga mai shagon taya nan." "Baƙin na sama marigayiya ce, Allah ya jiƙanta, an san ta yi jinya." Sannan duk idanu suka sauko layi na biyu, inda zagaye ɗaya ke cike da baƙi, kuma babu layin mutuwa a kansa. Ɗiyar fari ta matar farko, da ƴaƴa shida a ƙarƙashinta. Ba wadda ta furta suna. Kawuna ne kawai suka fara juyawa a hankali zuwa benci na tsakiya.

Abin da na iya yi kawai shi ne na matsa na tsaya gaban hasken don in kare zanen da jikina, sai ga shi ya bayyana raɗau a kan farar rigata, baƙin zagayen nan daidai ƙirjina.

Gwaggo Falmata ta miƙe. Ba ta yi sauri ba, sai da ta gyara mayafi.

"Ɗiyata, matsa in gani." Na matsa. Ta ƙura wa bangon ido. "Kin yi kuskure. Bakwai na haifa, kin manta Bintu da ta koma tun tana goye." Ta juya ga mata. "Ku daina murɗa wuya, ni ce. Ba jego na je ba, yanka aka yi mini, aka cire. Uwata ta ɓoye nata har ya kai ta kushewa, ni na je da wuri, ga ni ina cin tuwo. Wadda ta ji ƙullutu a jikinta ta tafi likita." Ta ɗauki jakarta ta fita, takalminta kaɗai ake ji.

Ban san yadda na ƙarasa jawabin ba. Madam Zara ta ce na yi magana kan taswirar ƙwayoyin halitta, ni dai ban tuna ba.

Bayan la'asar na ja ƙafa zuwa gidanta. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince yakuwa, ƙyallen nan da take cusawa yana ajiye a kan tabarma. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, har na soma cewa ai ƙila abin ya zama alheri tunda mata sun ji gargaɗi.

Ta katse ni ba tare da ta ɗago ba. "Kada ki yi mini wayon lakwal. Ban shirya faɗa ba, kuma ban so ba. Na faɗa da bakina ne don kada gobe a ce ɗiyar ƙanena ce ta tona mini asiri." Ta tura mini kwanon. "Tsince."

Na tsince yakuwa har magariba, hawaye na ɗiga a ciki, ba ta ce in daina ba. Kunyar da na ji a ɗakin taro ƙarama ce a kan wannan.

Ƴan matanta sun yi aure daga baya, ko da yake an yi ƴan gutsiri-tsoma kafin nan, kuma duk wanda ya iso kunnena sai na ji kamar ni na aika a yi shi. Na koma bakin aikina, na goge zanen daga ko'ina. Abin da na koya shi ne ƙa'idar cire suna an yi ta ne don garuruwan da maƙwabci bai san maƙwabci ba. A Gure suna shi ne abu na ƙarshe da ake buƙata kafin a gane mutum.

Da aka sake gayyata ta, sai na ƙirƙiri zuri'ar ƙarya daga kaina, ba tagwaye, ba auren ƙanwa. Ina haskawa Hajiya Aisa ta gyara zama, ta ɗan runtse ido ta ce, "Lokotoro, waɗannan ba mutanen Kelle ba ne?" Tun daga ranar, in zan yi misali a garinmu, da zuri'ar ɓeraye nake yi.