Sabon Babi

"Lafiya ƙalau, gajiya ta bi jiki. Ya jego, ya 'yar jaririya, ya kuma baiwar gidanmu?"

Fibi ta tsaya a bakin ƙofa. Hannuwan Yusha'u take kallo, na dama da na hagu, ta ga babu abin da suka riƙo sai waya. Ta leƙa bayansa har bakin lif ko ya ajiye kwalin kek ɗin a ƙasa don ya ja mata rai. Babu kwali.

Tun safe take safa da marwa a ɗan gidan nan nasu na hawa na sha huɗu a Sri Petaling, can ƙasar Malayawa, Murna goye a baya, kaji na soyuwa a wuta, ita kuma tana duba agogo kamar mai jiran sakamakon asibiti. Gobe Lahadi za a miƙa yarinyar a coci, a yi addu'ar godiya. Shekara huɗu da aure, ɓari biyu, sannan wannan ta zo ta zauna. Tun tana kwance da cikin ta yi wa Ubangiji alkawarin kek mai hawa biyu wanda kowa zai ci, har da matan Hausawa Musulmi da suka yi ta kawo mata kunu lokacin jego. Saboda su ta zaɓi Kak Ros, wata Bamalaya mai gasa kek a Kampung Baru, wadda dukansu suka yarda da hannunta. Mijinta Habila ya tafi jera kujeru a coci, sai ta aiki taubashinta. Yusha'u ɗan kawunta ne, Musulmi ne, yana digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, kuma tun suna yara a Zariya ba su taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawa ba.

"Ina kek ɗina?"

"Haka ake tarar ubangida a Wusasa? Ba ruwa, ba kujera?"

"Ubangidan da ya zo hannu na dukan cinya. Ka cinye a jirgin LRT ko?"

"Ni da abincin 'ya'yan mace? Ai ko kyauta sai an haɗa mini da maganin ciki."

Ya wuce ta ya zauna, ya cire hula, ya shiga ba ta labarin zafin gari da cunkoson jirgi, da yadda wani tsoho ya taka masa ƙafa. Fibi ta san shi. In Yusha'u ya fara labarin yanayi, to ya yi ɓarna. Ta rage wutar kaji, ta dawo ta tsaya a kansa da cokali a hannu.

"Uku saura kwata. Matar nan ƙarfe huɗu take rufewa. Ka faɗi abin da ka yi kafin in rubuta wa Kawu cewa kuɗin karatunka ya tafi a shan shayi a rumfar mamak."

"Ni ban yi komai ba. Ke kika yi. Me kika rubuta a takardar da kika ba ni?"

Abin da ta rubuta bai fi layi biyu ba, kuma ta daɗe da haddace shi. A saman kek za a sa SABON BABI, a ƙasa a sa MUN GODE UBANGIJI. Ta faɗa masa haka, ta ƙara da cewa ko ɗan firamare zai iya karantawa, balle mai shirin zama dakta.

Sai ga zance ya fito. Ranar Alhamis ya kai takardar a ninke, Kak Ros ta cusa a aljihu ba ta buɗe ba. Yau kek ya gasu, an shafe shi fari tas, ta ɗauko abin matsa rubutu, ta buɗe takarda. Yusha'u ya ce da idonsa ya ga murmushin matar ya zube. Ta kalle shi, ta kalli hularsa, ta tambaye shi ko da gaske shi Musulmi ne.

"A bakinsu babi alade ne, Fibi. Sabun kuma sabulu. Kin aike ni, da gemuna da carbina, tsakiyar Kampung Baru, in ce a rubuta mini sabulun alade a kan kek."

Fibi ta zauna a hannun kujera. Ita ma ta san kalmar, tana ganinta a jikin kantunan 'yan Sin, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa haɗa ta da babin da ta sani tun tana aji uku ba. Dariya ta taso mata, tsoro ya danne ta.

"To ba sai ka yi mata bayani ba? Shekara biyar a ƙasar mutane, abin da ka iya makan da tapau kawai, a ci a ƙunsa?"

"Na yi bayani."

"Da wane yare?"

"Da nasu."

"Na shiga uku."

Ya ce shi dai nufinsa alheri ne. So ya yi ya nuna mata cewa a wurinmu babi yanki ne na littafi, kowane littafi yana da shi, har kundin binciken da yake rubutawa. Sai dai kalmomin sun ƙare masa a tsakiyar hanya, abin da ya rage a bakinsa ya fito. Ya dafa ƙirji, ya ce mata saya ada lima babi.

"Wato me?"

"Wato ina da aladu biyar."

"Yusha'u."

"Na ga ba ta gane ba, sai na ƙara da cewa malamina ya duba uku ya ce sun yi kyau, saura biyu nake kiwo, au, nake gyarawa."

A nan matar ta nuna masa ƙofa. Ya ce ba ta yi masa tsawa ba, ta dai ja tiren kek baya kamar kada numfashinsa ya taɓa shi, wata tsohuwa mai sayen kuih, ɗan abin maƙulashensu, kuma ta bi shi da addu'ar shiriya har bakin titi.

Wannan karon dariyar ta ci ƙarfin Fibi, har Murna ta motsa a baya ta fara ƙananan kuka. Ta miƙe tana jijjiga ta, tana zagaya falo, tana share ido da gefen zane. Amma agogo bai tsaya dariya ba. Uku ta wuce. Babu inda za a gasa mata wani kafin safiya, kuma ta riga ta gaya wa matan zumunta, ta gaya wa Surayya maƙwabciyarta ta gayyato sauran matan Musulmin, ta gaya wa mahaifiyarta ta jira hoto.

"Ba ni lambarta, makiyayi."

"Ki iya bakinki. Aladun nan da su za a kira ni dakta."

Ta yi mata kiran bidiyo. Da fuskar Kak Ros ta bayyana a ɗaure, Fibi ba ta fara da magana ba. Ta kwance goyo, ta ɗaga Murna gaban waya, ta bar matar ta gama kallon kumatun. Sannan ta bi a hankali, Turanci kaɗan, Malayancin kasuwa kaɗan. Ta jawo littafin girke-girke ta buɗe, ta nuna inda kashi na ɗaya ya ƙare na biyu ya fara, ta nuna yarinyar, ta nuna kanta. Can Kak Ros ta ce bab, bab baru, wato sabon babi a yarensu, ta rufe baki da mayafi. Da ta hango Yusha'u a bayan kujera sai ta ɗaga masa yatsu biyar, dariya ta hana ta magana.

Fibi ta ɗauka an gama. Ashe da saura. Matar ta ce ta fahimta, ta kuma ba da haƙuri, amma hannunta ba zai rubuta wannan kalma a kan abinci a kantinta ba, ko da a yaren mutanen wata take nufin zuma. Ta ce a aiko mata da wasu kalmomin cikin minti goma, tana da ɗaurin aure da yamma.

Fibi ta ajiye waya, ranta a jagule. Ta ce ita kalmominta take so. Daren da aka sallamo ta daga asibiti bayan ɓari na biyu, su ta riƙa maimaitawa a cikin addu'a, cewa Ubangiji ya buɗe mata sabon babi. Ta ce in ya so a kawo kek ɗin haka, ita za ta rubuta da hannunta.

"Boleh," in ji Yusha'u, wato zai yiwu. "Su wa ke cocin naku?"

"Mutanen Allah."

"Na sani. 'Yan ina?"

Sai ta tuna. Rabin cocin 'yan ƙasa ne, Indiyawa da 'yan Sin da mutanen Sabah, matar fasto ma a nan aka haife ta.

"To ki rubuta. Gobe a tsayar da 'yata gaban jama'a cikin farar riga, a gefenta sabulun alade hawa biyu. Har ta yi aure ana ba da labari."

"'Yarka a ina? Bawa yana da 'ya?"

"Ki sa a rubuta Baiwar Yusha'u Ta Haihu. Gajere, kuma gaskiya."

"A rubuta Allah Ya Yaye Wa Ɗan Kawu."

"Ba zai shiga ba, sai an ƙara hawa."

"Minti shida, Yusha'u. Don girman Allah ka yi amfani sau ɗaya a rayuwarka."

Ta kawo sabon shafi, ya tuna mata sabulun yana nan. Ta kawo godiya kawai, ta janye da kanta, ta ce kamar rasit. Tana tafiya tana dawowa tsakanin taga da kicin, kaji na neman ƙonewa, Murna ta kama kuka sosai. Yusha'u ya karɓi yarinyar ya ɗora a kafaɗa yana bubbuga bayanta, yana yi mata magana kamar babba.

"Kin ga uwarki ko? Shekara huɗu tana damun sama da roƙo, an buɗe mata babin, an ba ta abin da ke ciki, ita har yanzu tana bakin ƙofa tana gardamar rubutun allo. Ba sai ta ce Murna ta zo ba, kowa ya huta?"

Fibi ta tsaya cak da cokali a hannu. Ta maimaita a ranta, ta sake maimaitawa a fili. Sunan yarinyar ne, kuma shi ne duk abin da take son faɗa wa cocin da mahaifiyarta da Ubangijin ma. Idonta ya kawo ruwa, ta juya baya don kada ya samu abin tsokana na shekara goma.

"A Malayanci ba ya nufin wani abin?"

"Ni za ki tambaya?"

Ta rubuta ta aika. Ba a yi minti ɗaya ba Kak Ros ta amsa da murya, ta ce boleh, ta ce ma sunan ya yi kama da kalmarsu ta abu mai tsarki, a turo mai aladu ya ɗauka kafin huɗu.

Yusha'u ya miƙa yarinyar, ya sa hula, ya ce yana jiran godiya a rubuce, da sa hannun miji. Fibi ta ce ko agogon da ya mutu yakan dace da lokaci, kada ya ɗauka hankali ne. Ta shiga kicin. Ya kai bakin ƙofa yana ɗaura takalmi sai ga ta da ɗan faranti. Ƙundun kajin ne guda uku, soyayyu, an barbaɗa yaji, rabon da a gidajensu ba a ba kowa sai maigida.

Ya kalli farantin, ya kalle ta.

"Fibi, kin san abin da wannan ke nufi kuwa? A gaban shaida?" Ya nuna Murna.

"Ci ka tafi, ranka ya daɗe, kafin in dawo hayyacina."

Ya jefa ɗaya a baki, ya naɗe biyu a takarda, yana tafiya yana taunawa da ƙasaita. Sai da ya danna lif ya waiwayo.

"In Habila ya tambayi nasa fa?"

"Zan ce masa kajin ƙasar nan ba su da ƙundu."