Gwaggon Cikin Kwamfuta Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ta rasa inda za ta zuba na gobe, ni mai shagon ɗinkin tambari da bajo da ke ƙarƙashin bene, daura da masu wankin mota, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a gaban idona, ina tsaye riƙe da almakashi, ban iya yi mata komai ba.

Kafin kowa ya saɓa mayafi ya nufi gidanmu, ba Gwaggonmu ƙanwar Baba ake nufi ba. Tana nan da ranta da lafiyarta, jiya ma ta wanke ni tas a waya. Marigayiyar 'yar ƙaramar manhaja ce da ke zaune a cikin kwamfutar shago, layukan umarni ne da ba su cika shafi uku ba. Yayata ce ta rubuta ta, ita ce kuma ta raɗa mata suna, don a cewarta halinsu ɗaya da ta gida: ba a ajiye abu inda ba wurinsa ba a gabansu a kwana lafiya.

Wanda bai san shagon nan kafin zuwanta ba, ba zai san girman rashin ba. Masu kawo aiki kan turo mini zanensu ta waya, kowa da sunan da ya ga dama. Wannan "sabo", wancan "sabo na ƙarshe", wani kuma "wannan ne na gaskiya ka manta da wancan". Shi kuwa injin ɗinki ɗan taurin kai ne. Ba ya karanta dogon suna, ba ya son fili a tsakanin kalmomi, in ya ga harafi mai ƙugiya sai ya yi kamar bai ga fayil ɗin ba. Na taɓa ɗinka wa masu gadin wani kamfani tambarin gidan burodi a ƙirji, riga bayan riga, kafin na farga.

A lokacin Yaya tana aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata. Wata Asabar ta biyo ta shagon, ta tarar da ni ina buɗe folda ina rufewa, gumi na ɗiga a kan madannai, mai aiki kuma yana tsaye a kaina yana kaɗa makullin mota. Ta ajiye jakarta a kan kwalin zare ta ce, "Matsa, Auta." Na matsa. Kafin rana ta juya an haifi Gwaggo.

Marigayiyar ta rayu rayuwar hidima. Da safe zan zuba duk abin da aka turo cikin folda ɗaya, in danna ta sau biyu, sai wata baƙar taga ta buɗe ta shiga aiki. Ta leƙa kowane fayil, ta gajarta masa suna, ta cire masa ƙugiya da fili, ta kai shi foldar mai shi. In sabon mutum ne ta buɗe masa folda tasa. In ta tarar da wani fayil mai irin sunan, ba ta taɓa shi, sai ta ƙara wa baƙon lamba. Abin da ba zane ba ne ta bar shi inda yake. Daga nan ta kwafi aikin ranar zuwa filas, ɗan tsinken nan na ajiyar fayil, in zare in soka wa inji. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa cewa yau kanta na ciwo ba, kuma ba ta taɓa ɓatar da ko ɗigo ɗaya na aikin mutane ba sai a ranar ajalinta.

Kuma tana magana. Yaya ta sa mata baki, da irin kalmomin da take faɗa mini tun ina yawo ba wando. In ta buɗe sai ta ce, "Sannu da aiki, Auta." In suna ya yi tsawo ta ce, "Wannan suna ne ko huɗuba? Na rage masa." In na manta ban soka filas ba ta ce, "Ina filas ɗin? Duba aljihunka." Kuma kullum a aljihun yake. In ta kammala ta ce, "Na gama. Tashi ka miƙe bayanka."

Da yawanku kun san abin da ya samu Yaya bara waccan. Ta faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi. Kalmomi biyu suka rage mata, "to" da "a'a", su ma wani lokaci sukan sauya wuri a bakinta. Tun daga nan, in ina son in ji Yaya ta haɗa jimla daga farko har ƙarshe, sai dai in zo shago in danna Gwaggo. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Matata dai ta lura cewa ko ranar da babu aiki ko ɗaya nakan danna ta.

Jinyar ta faro ne daga gidan da take zaune. Tsohuwar kwamfutar ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, tana ɗaukewa tana dawowa. Na kira mai gyaran da ke layinmu, mutumin kirki, wanda ya sha tayar mini da firinta daga suma. Ya ce a yi maza a kwashe kaya. Ya kwashe komai zuwa sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ya zuba zane da hotuna da ita kanta Gwaggo cikin babbar folda ɗaya. Yana gamawa tsohuwar ta yi shiru, ba ta ƙara tashi ba. Muka yi hamdala, muna ganin mun tsira.

Da na danna Gwaggo a sabon gida, ko gaisuwa ba ta yi ba. Jan rubutu ya cika tagar. Mai gyara ya matso da tabarau ya ce, "Ƙaramin abu ne, hanya ta ɓace mata. Tana neman foldar a inda take a da." Ya buɗe cikinta, karo na farko da na ga hanjin marigayiyar, ya gyara layin ya ce mata ta yi aiki a nan inda take zaune. Wani jan rubutun ya fito. Ya ce harshen da aka rubuta ta da shi an sabunta shi, sabuwar kwamfutar ba ta jin wasu tsofaffin kalmomin. Sai ya shiga cire duk layin da aka yi ƙorafi a kansa, ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa, "Anya kuwa? Yaya ba ta rubuta abu a banza." Ya ce, "Su ne ke riƙe mata ƙafa." Ni da ban san alif a wannan karatun ba, me zan ce?

Abin da na iya kawai shi ne na ce a kai wa mai ita. Muka ɗauki kwamfutar muka je gidan Yaya da la'asar. Mijinta ya gyara mata matasai, ya ɗora mata kwamfutar a cinya. Na ga idonta na bin layukan, sama zuwa ƙasa, da irin saurin nan nata na da. Sai ya tsaya. Ta ɗaga yatsan hagu ta dangwala a allon, daidai inda aka yi cire-ciren, ta ce, "A'a." Ta sake dangwalawa. "A'a. A'a."

Na ce, "Yaya, a mayar da su?"

Ta ce, "A'a."

Mai gyara ya ce, "To a ƙara cirewa?"

Ta ce, "A'a," ta bugi katifa.

Ta jawo madannan da hannun hagu tana ƙoƙarin rubutawa. Haruffa suka fito a hargitse, ba kai ba gindi. Ta goge, ta sake, suka sake fitowa haka. Ta san ciwon, ta san maganin, yana nan cikin kanta a jere, ga ni ɗan uwanta a gabanta, amma babu ƙofar da zai fito. Ta ture kwamfutar ta juya fuska bango. Mijinta ya dafa ni ya ce, "Ya isa haka, Auta. Ku bar ta ta huta."

A hanya mai gyara ya ce shi a fahimtarsa layin hanya take nunawa. Ni ban san me na fahimta ba. Ga shugabar wata makaranta kuma tana kira safe da yamma, bajon 'yan sabon aji take jira kafin a koma hutu.

Ranar Talata mai gyara ya ƙarasa cire abin da ya rage, ya danna ta. Babu jan rubutu. Ta ce, "Sannu da aiki, Auta." Wallahi har na yi dariya, na ce ta warke. Sai na ga fayilolin da ke allo suna raguwa. Na ɗauka jera su take. Daga baya aka yi mini bayani: cikin layukan da aka cire akwai mai ɗauko sunan mai aiki, akwai mai duba ko wani fayil ya riga ya zauna da sunan, akwai mai bambanta zane da abin da ba zane ba. Sai ta bi folda-folda, ta ɗauko kowane fayil, ta sa masa suna iri ɗaya, ta ajiye shi wuri ɗaya, kowanne yana danne na gabansa yana shafe shi. Tana cikin foldar, don haka da ta iso kan kanta ba ta gane kanta ba. Ta ɗauki kanta ta ajiye, na bayanta ya danne ta. Da sauran numfashin da ke bakinta ta ƙarasa aikin, ta ce, "Na gama. Tashi ka miƙe bayanka." Tagar ta rufe. Na sake dannawa, kwamfuta ta ce babu wani abu mai wannan suna.

Mun garzaya da ita wurin masu tono abin da aka goge. Babbansu ya jona wayoyi, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau ya ce irin sabon rumbun ajiyar kwamfutar nan ba ya ajiye gawa, yana sharewa nan take. Ya ce mini sai haƙuri, da irin muryar da likitoci ke faɗa a bakin ƙofa.

Marigayiyar ta rasu ta bar foldoji masu yawa, kowacce da sunan mai ita, kowacce wayam kamar gidan da aka tashi. Ta bar fayil guda, wanda ya zo ƙarshe ya zauna a kan kowa: 'yar agwagwa mai lema, ta rigunan wani gidan renon yara. Aikin shekaru, da tambarin asibitoci da na ƙungiyoyin ƙwallo da zanen da na kwana biyu ina gyara wa gashin baki, duk agwagwar nan ce magajiyarsu. Ta bar injin ɗinki, wanda tun ranar bai motsa allura ba. Ta bar filas da ɗan abin da ya rage a cikinsa na makon jiya. Ta bar mai gyara, wanda kullum da safe yake zuwa ya zauna a benci ya yi tagumi, kuma ina roƙon jama'a kada wanda ya faɗa masa baƙar magana, da niyyar magani ya zo. Shugabar makaranta ta kai aikinta wani shagon, ban ga laifinta ba.

Wata tsohuwar abokiyar aikin Yaya ta ce za ta rubuta mini sabuwa. Ta zauna da biro ta ce in faɗa mata abin da Gwaggo ke yi, mataki-mataki. Na buɗe baki, sai na tarar abin da take cewa na fi haddacewa. Matar ta saurare ni har na kai ƙarshe, ta rufe biron ta ce za ta dawo.

Ban iya faɗa wa Yaya da baki ba. Na je na zauna a gefen gadonta ina zancen zafin gari. Ta dube ni, ta buga yatsa sau biyu a kan bargo kamar mai danna Gwaggo, ta ɗaga gira. Na girgiza kai. Ta daɗe tana kallon silin, sannan ta ce, "To."

Game da jana'iza, babu gawa. Abin da ya rage shi ne 'yar alamarta a fuskar kwamfuta, wadda yanzu ba ta kai mutum ko'ina. Ita za a kai kwandon sharar kwamfutar ranar Asabar da hantsi, a nan shago. Na tambayi malamin layinmu, ya ce ba a yi wa fayil addu'ar rahama, don haka duk mai addu'a a baki ya karkatar da ita ga Yaya. Masu zuwa gaisuwa, in kuna da tsohuwar riga ko hula ko tawul da muka taɓa ɗinka muku tambari, ku taho da su ko sun koɗe, daga jikinsu zan sake zanawa. Ina kuma roƙon kada a ce mini ai ƙaramin abu ne, na ji wannan kalmar ta ishe ni.

Mijin Yaya zai kawo ta a keken guragu, an riga an kawar da kwalayen zare daga bakin ƙofa. Ita ta haifa, ita ya kamata ta rufe. Zan ɗora mata hannun hagu a kan linzamin kwamfutar, wato maus, in koma gefe. In ta ja alamar zuwa kwando, shi ke nan, sai a shafa a watse. In kuwa ta ce a'a, an ɗage jana'iza har sai abin da hali ya yi, kuma wannan karon ba wanda zai tambaye ta me take nufi.