Rakiyar Baƙon Sifen

Ranar da ma'aikacin jakadancin ƙasar Sifen ya zo Kebbe duba rijiyar burtsatse, gidana aka sauke shi, don an san ni da iya karɓar baƙi. Tafintansa ya ja ni gefe zai yi mini bayani, wai mutumin makaranta guda ya yi a kan ladubban hulɗa da manya. Na ce, "Ɗana, bari. Tun ba a haife ka ba nika tarbon baƙi."

Aka ci aka sha, na taso yi masa rakiya. A wurinmu mai gida ba ya juyawa sai baƙo ya ce, "Koma haka nan." Ashe shi kuma an koya masa kada ya shiga mota muddin mai masaukinsa na tafe da shi a ƙasa. Na dube shi, ya yi murmushi. Muka wuce kasuwa, muka shiga gonaki, rana ta take, motarsa na rarrafe a bayanmu. Fuskar bawan Allah ta yi jajir, ni kuwa mutuncin gari nake karewa.

Ban juya ba sai da tafinta ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Baba, don Allah koma! Ana jiranmu Tambuwal, a sa hannu kan rijiyarku ta biyu!"

Ko da suka isa an watse. Rijiyar sai bayan damina.

Har yau in na miƙe zan taka wa baƙo, sai uwargida ta ce, "Malam, in ƙulla maka guzuri?"